Daga Kantin Kwari Zuwa Kantin Marfin Kwalba

Duk wanda ya ratsa Fagge da hantsi, maganar kuɗi zai fara ji. A Kantin Kwari ana sauke dilolin atamfa da shadda, fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru suna tayawa. A Wapa 'yan canji na kiran dala da sefa da riyal. Ba yau abin ya fara ba, domin a nan bayan ganuwa ayarin Buzaye suke sauka da gishirin Bilma, tun zamanin da wuri ne kuɗi.

Amma kasuwar da ta fi tsayar da mu tana cikin lungu, a ƙofar wani zaure. Yara biyar ne, babu wanda ya wuce shekara bakwai. Sun jera gwangwanayen madara, yashi shi ne gero, marfin kwalba shi ne kuɗi. Wata ta taya, mai kanti ya ce "albarka". Ta ƙara marfi biyu, ya sallama, ta kuma ƙi tafiya sai da aka yi mata gyara. Can sai wani ya ɗaga ɓallin katako a matsayin waya, ya ce, "Na tura maka." Mai kanti bai duba komai ba, ya miƙa kaya.

Daga nan muka miƙe zuwa Sabon Gari, unguwar da ta bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A kasuwarta, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, za ka ji Hausa da Ibo da Yarbanci a layi ɗaya. Yaran shago da yawa sa'o'inku ne. Mun lura ba sa sakin kaya sai saƙon banki ya shigo wayar maigida, domin masu nuna saƙon bogi sun sha karya ƙananan 'yan kasuwa. Darasin da ɗan kantin lungu bai koya ba ke nan.

Wannan aikinku ne, yayye. Ku zauna da ƙannenku ku buɗe kanti a tsakar gida. Ku yanka takardu ku rubuta 50 da 100 da 200, a rinƙa ƙirga canji da ƙarfi. Ku nuna musu kuɗin gaske: Tafawa Ɓalewa a kan naira 5, Murtala a kan 20, Sardauna a kan 200. Ku gaya musu a 1973 naira ta gaji fam, su tambayi kaka labarin sule da sisi.

Sannan ku raba musu jari da riba. Wanda ya saro alawa 10 a kan naira 500, ya sayar da kowace a kan 60, ya tashi da 600. Naira 100 ce tasa. Idan ya taɓa sauran, gobe babu kanti. Wanda kuma ya ce ya tura, a ce ya nuna shaida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gara ƙaninka ya yi asarar marfin kwalba yau da ya dawo daga aike babu canjin Inna.