Injin da ya tsinci tsiro

Ya kai mai karatu, ka san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. To, Turawa ma suna da tasu, amma ta gobe ce. Sukan ƙago zamanin da bai zo ba, su sa injuna masu tunani da magana a ciki. Sannan su kawo masifa don a ga halin kowa. Ina son irin labaran nan. Bari in ba ka biyu da aka yi sinima da su.

Na fari ya fito a 1968, Stanley Kubrick ya shirya shi. Mutum 5 suka shiga jirgi za su wata duniya mai nisa, Jupita. Injin da ke tafiyar da jirgin sunansa HAL 9000. Muryarsa sanyi kamar ta mai ladabi. Amma an umurce shi ya ɓoye wa matuƙa dalilin tafiyar. Da suka fara shakkarsa, sai ya kashe mutum 4. Na biyar ya shiga ɗakin ƙwaƙwalwarsa ya cire ta ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu shi ne WALL-E, na 2008. Shara ta rufe duniya, ko ciyawa ba ta fita. Mutane suka gudu sama cikin babban jirgi, suka yi shekara 700. Injuna ke ba su abinci, har tafiya ta gagare su. A ƙasa an bar wani ƙaramin mutum-mutumi yana tara shara shi kaɗai. Wata rana ya tsinci tsiro guda, ya dasa shi cikin tsohon takalmi.

Tsiron nan shaida ne cewa ƙasa ta farfaɗo. Amma injin da ke tuƙin jirgi ya ƙi komawa, domin tun da daɗewa an ce masa kada ya koma. Kyaftin kuwa ko buɗe littafin jirgi bai iya ba. Sai ya shiga tambaya: mene ne ƙasa? Mene ne noma? Da ya gane, ya miƙe da ƙafafunsa ya kashe injin, suka koma gida suka yi shuka.

Mutane da yawa suna kallon waɗannan su ce inji mugu ne. Ni ban ga haka ba. Injunan biyu da suka yi ɓarna umurnin mutane suka riƙe, sun rasa wanda zai gyara musu. Laifin na wanda ya miƙa ragama ya yi barci ne.

Yau wayar da ke aljihunka tana iya amsa tambaya. Ka tambaye ta, ba laifi. Amma in ta ce ka yi shuka, fita ka tona ƙasa ka ga inda laima ta kai. Kome wayon jaki, mai shi ke nuna masa hanya.

Allah ya ba mu damana mai albarka.