Bashin Gwamnati da Mutumin da Ke Tsare

Ɗauri ba ya goge bashi. Wanda ke gidan gyaran hali, kamar yadda dokar 2019 ta sauya wa gidan yari suna, yana da damar kai Gwamnatin Tarayya ƙara kan kwangila kamar kowa, domin sashe na 6 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kotuna ikon sauraron rigima tsakanin gwamnati da kowane mutum. Abin da ke kashe irin wannan ƙara shi ne ƙa'idojinta, waɗanda aka tsara domin mai ƙafar yawo.

Na ga haka a kan wani ɗan'uwanmu na Bodinga da ya kai wa wata hukumar tarayya yashi da tsakuwa a wani aiki wajen Shagari. Kuɗi suka maƙale, masu tifa da suka ba shi bashi suka kai shi ƙara, ya wayi gari a tsare a Sakkwato yana jiran shari'a.

Tambayar farko: wace kotu? Jama'a da dama kan ɗauka duk abin da ya shafi tarayya sai Babbar Kotun Tarayya, saboda sashe na 251. Amma a 2005, a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa rigimar kwangila zalla ba hurumin wannan kotu ba ce. Babbar Kotun Jiha ce wurinta. Wanda ya ɓata ƙofa zai yi asarar watanni, ga wa'adin shigar da ƙara yana tafiya, bai san da ɗauri ba.

Sai sanarwa. Dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun wajabta a rubuta musu tun kafin ƙara, galibi wata guda. Lauyan gwamnati kan kuma jawo dokar kare jami'ai mai wa'adin wata uku, ko da yake Kotun Ƙoli ta daɗe da cewa ba ta shafi kwangila ba.

Inda ɗauri ke cizo shi ne takardu. Takardar ba da aiki, shaidar kai kaya, bayanin da za a yi rantsuwa a kansa: duk suna buƙatar mai zirga-zirga. Ɗan'uwan namu sai da ya sa hannu a takardar wakilci ga ƙanensa kafin komai ya motsa, kuma rasit ɗin da matarsa ta adana a ƙasan akwati su suka tsayar da maganar. A ganina, wannan takarda ta cancanci a fara da ita tun makon farko, kafin ma a gama batun beli.

Ko an yi nasara, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar, wato babban lauyan wanda ake bi bashin.