Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Motar Ikilisiya

 Da yawa cikinku kun tambaye ni dalilin da ya sa motar ikilisiya ta zauna a garejin Baba mai walda tun watan Agusta har bayan Kirsimeti, kuna zuwa bishara da ƙafa. Na yi wa dattawa bayani, na yi wa zumuntar mata. Ku da kuka fi kowa shiga motar nan, ku ne ban gaya wa komai ba. To, ga labarin, kuma akwai laifina a ciki.

Shekara 4 ke nan da muka sayi motar, mai kujeru 18, da baikon da aka yi wata da watanni ana tarawa. Kun tuna har zumuntarku ta yi ƙwadago a gonakin mutane ta kawo nata. Ni aka tura, tare da ma'aji da direba. Irin motocin nan ne da aka gama mora a Turai, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas, muke ce musu Beljiyam. Na zagaya ta, na bugi taya da ƙafa kamar na san abin da nake yi, sa'an nan na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Baƙi wuluk, sai ƙyalli, kamar jiya ta fito daga kamfani. Na miƙe na kakkaɓe gwiwa na ce wa ma'aji, "Baba, ƙasa lafiya lau." Maganata aka bi aka biya kuɗi.

Bayan shekara 2, wata Lahadi an tashi daga sujada, Baba mai walda ya tare ni a ƙofar majami'a. Ya ce, "Fasto, ka ba ni motar nan kwana 3 in duba cikinta. Na ga jan ruwa yana ɗiga ta wajen tayar baya in yara sun wanke ta." A lokacin muna da ɗan kuɗin da aka ware domin fenti, ba zai kuwa isa aiki biyu ba. Babban taron gunduma yana tafe, na kuma san yadda motocin sauran ikilisiyoyi za su jeru a fili. Sai na sa aka fesa mata fari da shuɗi, aka rubuta sunan ikilisiya da manyan haruffa, har da aya a gilashin baya. Na ce masa, "Baba, bari mu wuce taron nan tukuna." Taron ya wuce, wani ya zo, shi ma ya wuce.

Sauran labarin wasunku suna ciki aka yi shi, ko da yake ba su sani ba. Muna kan hanyar Akwanga zuwa taron matasa, ana ta yayyafi, kuna ta waƙa da kiɗa a baya. Dab da Riyom direba ya taka birki saboda shanu, sai ƙafarsa ta tafi kusan ƙasa kafin motar ta ɗan kama. Ina gaba kusa da shi, na ga yadda fuskarsa ta sake. Ya rage giya, ya ja birkin hannu a hankali, ya gangara gefen hanya. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito ya nuna mini yatsansa jiƙe da man birki. Bututun ƙarfen da ke kai mai zuwa tayoyin baya ne tsatsa ta huda. Tafiya kaɗan ta rage mu shiga gangaren Hawan Kibo. Duk wanda ya san hanyar Jos zuwa Akwanga ba sai na yi masa ƙarin bayani ba. Mu 18 ne a ciki, ƙaramar cikinmu shekararta 14. Na ce muku ƙaramar matsala ce, muka yi addu'a, aka nemo wata mota.

Da aka jawo ta gareji, Baba bai ce mini "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa ma da na fi jin sauƙi. Ya sa aka tura ta kan rami, ya miƙo mini tocila da sukundireba, ya ce, "Fasto, shiga ka gani da idonka. Duk inda ka ga ya kumbura, soka." Na shiga da rigata ta fastoci. Baƙin fentin nan da na yaba yana nan, sai dai ya yi ƙuraje. Na sa bakin sukundireba, ya ɓare kamar ɓawon rogo, jan gari mai laima ya zubo mini a fuska. A wani wuri na danna kaɗan kawai, ƙarfen ya shige har ƙota. Na tambaya ina ne nan. Ya ce daidai inda aka ɗaure ƙafar kujerun layi na 3.

A cikin ramin nan ya yi mini karatun da ba a yi mini a makarantar tauhidi ba. Abu uku ne ke haɗuwa tsatsa ta samu: ƙarfe, ruwa da iska. Ku 'yan kimiyya za ku ce oksijin ne a cikin iskar yake haɗuwa da ƙarfen, haka ne. Gishiri kuma yana ƙara mata sauri ƙwarai. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka, gishiri ake barbaɗa wa hanya don ta narke, tayoyi kuwa su yi ta watsa wannan ruwan gishirin a cikin motar shekara da shekaru. Da ciwonta ta zo ke nan. Mu kuma muka ƙara mata da namu: jar lakar hanyoyin ƙauyukanmu, wadda ke manne a kowane lungu tun daga Afrilu har Oktoba tana riƙe da laima kamar soso.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halin tsatsar kanta. Tukunyar alminiyam ma iska tana taɓa ta, amma fatar da take yi siririya ce mai ƙarfi, tana rufe abin da ke ƙasa ya tsira. Tsatsar ƙarfe ba haka take ba. Ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, shi ya sa take kumbura tana ɗaga fenti, kuma sakwa-sakwa take, tana shan ruwa tana kai wa lafiyayyen ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ba ta tsayawa don kanta. Shi kuwa baƙin fentin mai kama da kwalta, Baba ya ce ba shi da laifi, aikinsa ke nan ya tare ruwa da tsakuwa, in an shafa shi a kan ƙarfe mai tsabta, busasshe. In aka fesa shi a kan tsatsa, sai ya kulle laimar a ciki, rana ba ta gani, iska ba ta busarwa. Wanda ya fesa wa tamu har ƙananan kafofin da aka bari domin ruwa ya riƙa fita ya toshe.

Ina tsaye a wurin na tuna ajinmu na Helenanci. Kalmar da aka fassara da tsatsa a Matiyu 6:19, asalin ma'anarta ci ne, irin cin da ake yi wa abinci. Na taɓa rubuta wannan a jarrabawa na sami maki. Ban taɓa lura ba cewa mu ma haka muke faɗa a Hausa, tsatsa ta ci ƙarfe, sai ranar da na ga abin da ta rage mana.

Yanzu ga wurin da ya fi mini wuyar faɗa. Da Baba ya yi lissafin gyara, kuɗin ya fi abin da ke asusu nesa ba kusa ba. A taron dattawa wani ya kawo shawara, ba zan kuwa faɗi ko wane ne ba, domin ni ma na gyaɗa kai. Ya ce a sake bututun birki, a sake fesa baƙin fenti, a sayar, a cika kuɗi a sayi wata. Mai saye ai da idonsa. Na koma gida shawarar tana ƙara mini daɗi. Na gaya wa kaina cewa dukiyar Ubangiji nake tattali. Gaskiyar ita ce, in motar ta tafi, ta tafi da shaidar cewa ni na ce ƙasa lafiya lau, ni ne kuma na zaɓi fari da shuɗi sa'ad da aka gargaɗe ni.

Kashegari na je gareji na tambayi Baba nawa ne kuɗin feshi kaɗai. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sa'an nan ya ce, "Fasto, wanda zai saye ta, ko 'yan makaranta zai ɗauka ko matan kasuwa. Su ba su da masu jiransu a gida?" Ya nuna mini gwangwanin da leɓe. "Ga fenti can, ga abin fesawa. Amma ba da hannuna ba."

Na taɓa yin wa'azi daga Ezekiyel sura 13, inda Allah ya yi fushi da annabawan da suke shafa farar ƙasa a kan bango marar ƙarfi, mutane su jingina da shi. Na tuna har na buga bagade a ranar. Dillalin da na yi wata guda ina jin haushinsa, abin da ya yi mana shi ne na zo tambayar farashinsa.

Lahadin da ta biyo baya na gaya wa dattawa komai, har da maganar ƙofar majami'a, wadda ba wanda ya sani sai ni da Baba. Ba a yi mini tafi ba. Wani dattijo ya ce da a ma'aikata ne da an tambaye ni kuɗin fentin, kuma bai yi ƙarya ba. Aka tsaya a kan abu biyu: ko a sayar da ita a gaya wa mai saye halinta a karɓi abin da ya bayar, ko a gyara ta gyara na gaskiya. Baba ya bi manyan ƙarafan da suke ɗauke da motar, wato shasi, yana ƙwanƙwasawa da guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kwali. Wuri 2 kaɗai ya samu da matsala a nan, ya ce za su gyaru. Aka ce a gyara. Na kuma je gidan yarinyar nan mai shekara 14 na gaya wa mahaifiyarta abin da na kira ƙaramar matsala. Ta yi shiru, ta ce Allah ya kiyaye gaba, ba ta raka ni ƙofa ba.

Ba a fara aikin ba sai da ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, domin fenti da laima ba sa shiri, kuɗin ma sai a lokacin ya taru. Aka cire kujeru da shimfiɗar ƙasa da tankin mai, don ba a kai wutar walda kusa da fetur. Aka wanke cikin da ruwa mai ƙarfi, aka bar ta ta bushe kwana da kwanaki. Sai kankara, wadda ita ce rabin aikin ko fiye. Samari 4 daga cikinku sun ba da Asabar ɗinsu, da burushin waya da samfefa, hanci a ɗaure, ido a cikin tabarau, har sai an ga farin ƙarfe. Sun fito jajaye kamar masu haƙar kuza. Inda ya huje, Baba ya yanke har ya kai ga lafiyayyen wuri, ya sa sabon ƙarfe ya yi walda. Na tambaye shi ko ba za a cike ƙananan ramukan da foti ba, ya ce foti na gyaran fuska ne, ba ya ɗaukar nauyin mutum.

Akwai lungunan da burushi ba ya kaiwa sosai. Nan ya shafa wani ruwan magani mai asid a ciki, wanda ke juya sauran tsatsar ta koma baƙa ta daina ci. Ya ce maganin ba ya aiki a kan tsatsa mai kauri, sai an kankare ta tukuna. Bayansa jan fentin shimfiɗa, hannu 2, ana barin kowanne ya bushe. Bayansa fenti na sama. Can a ƙarshe ne baƙin nan mai kauri ya zo, a mazaunin tayoyi da inda tsakuwa ke duka. Cikin ƙarafan da suke kamar bututu, inda hannu ba ya shiga, mai mai kauri kamar kakin zuma ya fesa ta kafofinsu, ya kuma bi kafofin fitar ruwa ɗaya bayan ɗaya da waya ya buɗe. Salansa da birki da robobi ba a taɓa su da fenti ba. Bututun birki kuwa duka aka sake, har waɗanda ba su huje ba.

Na san wasu direbobi baƙin man inji suke watsa wa cikin mota. Yana ɗan tare ruwa, amma yana tara ƙura, yana lalata roba, yana kuma ɗiga a ƙasar da yara suke wasa. Ku masu babur da masu tuƙa motar gida, kada kuma wani ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko da na minti ɗaya ne. A nemi rami ko a tokare ta da abin da ba zai goce ba.

Ranar da muka je ɗaukar ta na ce wa Baba mun rabu da tsatsa ke nan. Ya yi dariya ya ce motar da ta taɓa yi ba ta rabuwa da ita, sai dai a riƙa dubawa: a wanke laka in an dawo daga ƙauye, a hau rami sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya sauka, inda tsakuwa ta fasa fenti a kankare a shafa tun yana ƙarami. Daga waje ba za ku ga inda kuɗin ya shiga ba. Fari da shuɗin ma ya fara koɗewa, harafi ɗaya ya goge a sunan ikilisiya, kuma bana ba mu da kuɗin gyara shi.

Asabar ta farko a watan Maris za mu kai ta rami. Ina bukatar mutum 3, mata ma suna iya zuwa, ku sa tsofaffin kaya. Baba ya ce ni zan fara shiga, da sukundireba.