Kwana Huɗu a Tabkin Champlain

Mazaunin unguwarmu ta Mount Hope, a yammacin Bronx, ruwan da ya fi sani shi ne na famfo da na sama. Duniyarmu ba ta wuce tsakanin titin Jerome da Grand Concourse, inda jirgin ƙasa mai lamba 4 ke rugugi a kan gada, manyan motoci kuma na ruri a babban titin Cross Bronx. Daga gida sai wurin aiki, daga wurin aiki sai masallaci, sai kuma suna ko biki a ƙarshen mako. Akwai masu shekara 20 a nan, amma in ka ce su ba ka labarin jihar Niyok, labarin birnin kawai za ka ji.

Alhali a arewacin jihar akwai tabkin Champlain, wanda ya raba Niyok da jihar Vermont, kansa kuma ya leƙa Kanada. Tsawonsa ya kai kilomita 190, inda ya fi faɗi kuwa kilomita 19. A girma kusan kai ɗaya suke da tabkin Kainji, wanda na tashi a bakinsa a Yawuri. Can muka yi kwana huɗu ni da uwargida a watan Agusta, muna bin garuruwan gaɓa ɗaya bayan ɗaya, a ƙaramin jirgin ruwa mai inji na wani abokin aikina. Jirgin yana da ɗan ɗakin kwana da wurin dafa shayi.

Shawo kan uwargida ya fi tuƙin wuya. Ita 'yar Kano ce, kuma tun hatsarin Bagwai na watan Nuwamba 2021, lokacin da jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ɗaliban Islamiyya, ba ta ƙaunar jin kalmar kwale-kwale. Ni ma ina da nawa tabon. A watan Mayu na shekarar, jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 100 ya nutse a kogin Kwara kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski, wuraren da na sani tun ina yaro. Ta ce, "Malam, ruwa fa ba a abota da shi." Na ce gaskiya ne, amma ta bari ta ga shirin tukuna.

Shirin kuwa doka ce ta tsara shi. Tun 1 ga Janairu 2025, mai tuƙa jirgin ruwa mai inji a jihar Niyok sai ya mallaki takardar shaidar koyon kiyaye haɗari. Ana kiran dokar da sunan wata yarinya, Brianna, wadda ta rasu a hatsarin jirgi a 2005. Na yi karatun ta intanet, sannan mai jirgin ya fita da ni sau da yawa har hannuna ya faɗa. Doka ta ce kowane mutum a jirgi sai an tanadar masa rigar kariya mai hana nutsewa. Akwai kuma rediyon kiran agaji, da taswirar da ke nuna zurfin kowane lungu.

Mun hau jirgin ƙasa na Amtrak mai zuwa Montreal, muka sauka a Whitehall, a ƙarshen tabkin ta kudu. Guzurinmu daga shagunan 'yan Afirka na Bronx muka haɗo shi: kilishi, dambun nama, garin rogo, ƙuli-ƙuli da yaji, domin naman halal ba kasafai ake samunsa a ƙananan garuruwan can ba. Whitehall na alfahari da cewa a nan aka haifi rundunar sojan ruwan Amurka, saboda jiragen yaƙin da aka ƙera a 1776. Nan kuma hanyar ruwan da aka haƙa, aka buɗe a 1823, ta haɗa tabkin da kogin Hudson. Wato mai jirgi zai iya tasowa daga kogin Harlem, a gindin Bronx, ya iso nan ba tare da ya taka ƙasa ba.

Washegari muka ɗaga da hantsi. Kudancin tabkin siriri ne kamar kogi, ruwan gauraye da laka, ga fadama hagu da dama, zalɓe na tsaye cikin ciyawa. Alamomi ja da kore da ke yawo a kan ruwa su ne ke nuna hanya, wanda ya kauce musu sai ya kafe. Uwargida ta zauna riƙe da taswira, tana karanto mini lambar kowace alama. Kafin azahar na lura ta daina riƙe ƙarfen kujera.

Daga nan sai ga ganuwar Ticonderoga a kan tudu. Faransawa suka fara gina ta a 1755, Ingila ta ƙwace, sannan 'yan gwagwarmayar 'yancin Amurka suka karɓe ta a watan Mayu 1775. Gaba kaɗan muka bi ta ƙarƙashin gadar Crown Point, wadda aka buɗe a 2011 bayan an rushe tsohuwar. Muka kwana a Port Henry, garin da ya yi tashe da haƙar tama. Mutanen garin suna da tatsuniyar wani dodon ruwa da suke kira Champ, har da allo mai sunayen waɗanda suka ce sun gan shi. Na yi dariya, don mu ma a Yawuri ba mu rasa labarin 'yan ruwa.

Salla ba ta zama matsala ba. Mun yi ƙasaru, muna haɗa azahar da la'asar idan mun tsaya. Alƙibla a wannan yanki tana arewa maso gabas, sai dai jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, don haka mun fi son yin salla a kan dakalin katako na tasha.

Rana ta uku ita ce ta gwaji. Bayan mun wuce Westport, tabkin ya matse a wurin da ake kira Split Rock, sannan ya buɗe. A wajejen nan ne ya fi zurfi, kimanin mita 120. Da muka tsaya a Essex shan mai, rediyon hasashen yanayi ya ce iskar kudu za ta ƙarfafa da rana. Sama garau take, Burlington kuma ba nisa. Uwargida ta ce, "Malam, ba a jiran mu a ko'ina." Muka ƙara ɗaure igiyoyi. Kafin la'asar farin kumfa ya rufe tsakiyar tabkin, jiragen da suka fi namu girma suna ta shigowa neman mafaka. Muka wuni muna zaga tsofaffin gidajen dutse na garin, muna kallon jirgin fito mai ɗaukar motoci zuwa Charlotte.

A Essex ne na yi ta tunanin gida. Matuƙanmu na Kwara da Kainji, Sarkawa da Gungawa, sun fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta shi ne a nan akwai iyakar mutanen da jirgi zai ɗauka, akwai riga ga kowa, akwai mai gaya maka iska na tafe, kuma ba abin kunya ba ne ka fasa tafiya. A can kuwa ranar kasuwa ce, jirgi ɗaya ne, ga buhuna ga babura, wanda ya ƙi shiga ya yi asarar cinikin mako.

Da asubar rana ta huɗu ruwan ya kwanta luf. Muka tsallaka zuwa Burlington, birni mafi girma a Vermont duk da mutanensa ba su kai 50,000 ba. Uwargida ce ta riƙe sitiyari na ɗan lokaci a tsakiyar tabki, duwatsun Adirondack a yamma, korayen tsaunukan Vermont a gabas. A cikin gari muka yi sallama da wasu mata 'yan Somaliya, daga cikin 'yan gudun hijirar da aka tsugunar a yankin, suka kwatanta mana shagon halal. Mai jirgin ya zo ya karɓi kayansa, mu kuma muka bi jirgin ƙasa na Ethan Allen Express, wanda ya fara isa Burlington a 2022, muka dawo gida.

Ga mai sha'awa, daga Yuni zuwa farkon Satumba ne lokacin. A kira tashoshi a kama wurin kwana tun da wuri, a ware kuɗin mai da yawa don injin ruwa akwai ci, a kuma bar kwana ɗaya rara saboda iska. Wanda ba shi da jirgi, fiton Essex zuwa Charlotte ma ya isa ɗanɗano.

Ƙungiyoyinmu na nan kuwa, da muke tara kuɗin rijiya da azumi, yana da kyau mu sa rigunan kariya cikin lissafi. A aika wa matuƙan mashigin garinmu, a kuma nemi sarkin ruwa ya tsaya a kan kowa ya sa kafin a tayar da inji.