Gilisarin: abin da ke cikin 'yar kwalbar nan ta hunturu

Ɗan uwa, 'yar kwalbar gilisarin da kake saya a kemis idan hunturu ya kama, ni dai ina ganin an raina ta da yawa. Ruwa ne mai kauri, ba launi ba wari, ga zaƙi a harshe. Wani masanin sinadarai ɗan Suwidin, Carl Scheele, shi ya gano shi a 1779, yau kuma galibinsa daga man tsirrai da kitse ake samo shi, wajen yin sabulu da man biodiesel.

Babban halinsa shi ne jawo ruwa ya riƙe. Shi ya sa ake sa shi a man goge baki don kada ya ƙandare, da alewa da kek don su daɗe da laushi. To amma ka lura, idan ka shafa shi zallansa alhali iska ta bushe ƙayau, babu danshin da zai jawo sai na fatarka, ga danƙo, ga ƙura ta manne. Sirka shi da ruwa, ko ka shafa bayan wanka jikinka na da sauran lema, sannan ka bi da basilin. Masu faso da kaushi, wannan taku ce.

Ko a wajen masu injin yana nan. Agogon auna matsi na famfo ko kwamfuresa da kake gani cike da ruwa, yawanci gilisarin ne a ciki, yana hana allurar rawa idan injin na girgiza. Kai, da shi ma ake haɗa nitroglycerin, wanda Alfred Nobel ya yi dinamit da shi, kuma likitoci ke ba masu ciwon zuciya a ƙarƙashin harshe.

Abin da ke tsorata ni shi ne na jabu. Akwai wani sinadari, diethylene glycol, mai kama da shi har a zaƙi, ya fi arha, amma yana kashe ƙoda. An cakuɗa shi da gilisarin a maganin yara a Haiti a 1996, yara da dama suka rasu, an kuma sayar da shi da sunan gilisarin a Panama a 2006. Wannan gubar ce aka samu a maganin haƙorin My Pikin a Najeriya a 2008, ta kashe yara fiye da 80.

Don haka na cikin jarka marar suna da ake aunawa a kasuwa, bar shi a haɗin sabulun wanki. Wanda zai shiga baki ko ya taɓa jikin yaro, duba BP ko USP a kwalbar, da lambar NAFDAC.