Tukunyar Inna

Inna da ruwa take ƙirga shekaru. "Shekarar da kogi ya iso bakin zaure," haka take cewa in an tambaye ta ranar haihuwar waninmu. Ta san fadamar Haɗeja tun kafin madatsar Tiga ta 1974, zamanin da ruwa ke zuwa a kan kari, ya janye ya bar wa manoma laka. Ta kuma ga ciyawar kacala ta toshe magudanai.

Ni dai hannunta nake tunawa. Tafin ya yi kanta saboda taɓarya, yatsun ba sa rabuwa da ƙamshin daddawa. Tun asuba take hura wuta, ta ɗora tukunyar da ta fi ƙarfin gidan, saboda almajiran tsangayar bayanmu. Mai jego ba ta kwana ba kunun kanwarta. In mace ta rasu a unguwa, ita ke wanka, kuma bakinta alaikum.

A ambaliyar 2022 katangar baya ta faɗi. Muka ce, "Inna, ki taho Kano wurinmu." Ta dubi murhunta, ta ce, "To yaran nan fa, wa zai zuba musu?"