Tiyar gero da buhun shinkafar waje: wanne ya fi yi wa ƙasa nauyi?



A Turai yanzu akwai masu tsayawa a kanti su tambayi yawan gurɓatacciyar iskar da aka fitar wajen noma abinci da kawo shi, kafin su saya. Na san wani zai ce wannan zancen ƙoshi ne, mu da ke lissafin tiya nawa za ta kai mu kaka. Da gaskiyarsa. Iskar kabon da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara kusan kashi ɗaya ce cikin goma na tan, ta Ba'amurke kuwa ta haura tan 10. Ba mu muka ɗumama duniya ba, amma a kanmu abin ke ƙarewa. Ambaliyar daminar 2024 ta ci rai fiye da 300 a ƙasar nan, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

A 2018, masana biyu, Joseph Poore da Thomas Nemecek, sun tattara bayanan gonaki kimanin 38,000 a ƙasashe 119. Sun gano abinci ke da kusan kwata na iskar da ke ɗumama duniya. Kilo ɗaya na naman shanu kan jawo kusan kilo 60 na wannan iska, shinkafa kusan 4, wake da danginsa kuwa bai kai 2 ba. Jirgi da mota ba su ne babban laifi ba, don sufuri kusan kashi 6 ne kawai cikin 100 na iskar da abinci ke jawowa. Nauyin shinkafa daga fadamar da take kwana cikin ruwa yake, inda iskar mitan ke tashi.

Nama dai ba shi ne matsalarmu ba, gida nawa ke ganinsa in ba Sallah ko suna ba? Tamu tana cikin shagon unguwa. Leƙa ka gani: buhun shinkafar Tailan ko Indiya a jingine, katan ɗin taliya, jarkar man girki, madarar gari da ake ƙullawa a leda. A waje kuma ga gero da ruwan sama kaɗai ya raina, ga wake da ke ƙara wa gona ƙarfi ya bar harawa ga bisashe, ga man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matan gari. Abincin da masana ke roƙon Turawa su koma wa, shi muke kunyar ajiye wa baƙo. In ba a dafa masa shinkafa ba, sai a ce ba a karrama shi ba.

Ban ga laifin mata ba. Gero sai an sussuka, an surfa, an wanke, an kai niƙa. Taliya kuwa kafin ruwa ya gama tafasa an kusa zubawa. Duk mai son a koma ga tuwo da hura, to ya fara da kuɗin inji da sayen garin da mata ke sarrafawa, ba da wa'azi ba.

Ga abin da ya sa na damu. Tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman Maraɗi kan barin tohon kututture ya girma, sassaben zamani ya bazu. Garuruwa irin Ɗan Saga a Agiye suka yi suna a kai, har aka ƙiyasta itace miliyan 200 sun dawo a gonakin kudancin Nijar. Gawon da ke tsaye a gona yana zuba ganye da damina ya zama taki, yana tare iska, yana kuma riƙe kabon a jikinsa. Amma wanda ke tsaronsa manomi ne. In ya sayar da gero da wake a wulaƙance da kaka, sannan ya sayi shinkafa da tsada da bazara, ranar da aljihu ya bushe gatari zai ɗauka, ko ya kama hanyar Kano. Ashe kuɗin cefanenka na iya zama abin da ke tsakanin gatari da gawo.

Mun kuma ga darasi bayan Yulin 2023: da aka rufe iyakar Benin, kayan tashar Kwatano suka tsaya, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo. Mai gero a rumbu bai ji abin kamar mai jiran shago ba.

Ban ce a haramta shinkafa ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mai hali ya sayi gero da wake hannun manomi da farashin mutunci. A zuba waken a buhun PICS mai ruɓi uku, ƙwari ba sa ci, ba sai an sa magani ba. A tafi kasuwa da kwando, ledar nan cikin awakinmu take ƙarewa.

Ku kuma 'yan uwa na Yamai da Maraɗi masu aiko da kayan azumi da na biki, bana ku gwada turo kuɗin rabin buhunan, a auno tsaba a nan gida Sae Sabuwa. A sunan da ke tafe, wa zai fara fitar da dambu da ɗanwake gaban baƙi ba tare da ba da haƙuri ba?

Allah Ya ba mu damina mai albarka.